Filash ɗin da ya tayar min da laftof bayan had disk ya mutu: wata shida da Puppy Linux a Agege

Jama'a barkanmu da war haka. Tun bayan babbar sallah nake son in zauna in rubuta wannan abin amma hidima ta hana, yau dai na ce ko me za a yi sai na rubuta, saboda mutum na uku kenan a unguwarmu nan Agege da ya tare ni yana tambaya wai da gaske ne laftof ɗina ba had disk a cikinta kuma tana aiki? Da gaske ne wallahi, wata shida kenan, kuma duk lissafin kasuwancin Kawu a kanta nake yi. To zan faɗi yadda abin yake, daɗinsa da kuma inda ya ba ni ciwon kai, don wanda zai kwaikwaya ya shiga da idonsa a buɗe.

Ni aikina riƙe wa Kawu lissafi, shi dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba, duk tirelar da aka sauke daga Arewa ni ke rubuta shanu nawa ne, na waye, kuɗin mota nawa, la'ada nawa, wane mahauci ya ɗauka bashi kuma yaushe ya ce zai kawo. Da a littafi muke yi, daga baya na mayar da shi Excel a wata tsohuwar laftof tokumbo da na saya tun shekarun baya, Core i5 ce ta da, RAM ɗinta giga 4, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa, in aka zare caja ko daƙiƙa ɗaya ba ta ƙarawa. Saura kamar sati biyu babbar sallar 2025, lokacin da kara ta cika maƙil kuma bashi ya fi yawa a hannun mutane, na kunna ta da safe sai na ji wani ƙas ƙas ƙas daga ƙarƙashin kibod, Windows ta tsaya tana ta juya ɗigogin nan nata har aka yi azahar ba ta buɗe ba. Abin da ya tayar min da hankali ba laftof ɗin ba ne, sunayen masu bashi ne, don kusan wata uku ban kwafe fayil ɗin a ko'ina ba. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "kai dai je ka nemo min sunayen nan, ƙarfen ko ya tafi", kuma wannan maganar ta fi min faɗa nauyi.

Washegari na hau danfo na sauka Ikeja Along na shiga Computer Village. Wanda ya san wajen ya san yadda ake yi, tun kafin ka kai Otigba an fara jan rigarka, wannan ya ce waya wannan ya ce sikirin wancan ya ce zo in saya. A nan bakin hanya na yi kuskuren farko, na sayi filash a hannun wani mai tire, an rubuta 64GB a jiki kuma kuɗin ya yi min sauƙi, na ce ai zan buƙaci inda zan kwashe kayana. Daga nan na wuce wajen wani yaro ɗan Arewa da wani abokina mai sayar da waya ya yi min kwatance, shagonsa ɗan tsukuku ne a saman bene, tebur ɗaya da fanka da tarin matattun laftof har rufi. Ba zan sa sunansa ba don ban nemi izininsa ba, injiniya nake ce masa shi kuma yana ce min yaya.

Ya kunna, ya kara kunnensa a jikin laftof ɗin, ya kashe nan take. Ya ce yaya kar ka sake kunna ta da Windows, duk juyin da dis ɗin nan ya yi ƙara cin kansa yake. Sai ya ciro wani filash daga aljihun gaban rigarsa ya soka, ya danna maɓallin zaɓen inda kwamfuta za ta tashi, wani baƙin allo ya fito da jerin sunaye, ya zaɓi ɗaya, rubutu ya yi ta gudu a sikirin, ban fi minti ɗaya ina kallo ba sai ga kwamfutata ta buɗe da wata fuska da ban taɓa gani ba, har da haushin kare sau biyu daga sifika. A ƙasan sikirin daga hagu akwai wasu ƴan hotunan dis an rubuta sda1, sda2, ya danna sda2, ya ɗan jima yana ƙas ƙas sannan taga ta buɗe, ga foldata nan mai suna Kara, ga ta hotunan bikin ƙanwata. Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi na nemi benci na zauna. Ya fara da foldar lissafi, ita ya fara kwashewa kafin komai, ta fita lafiya lau, hotuna ne wasu suka ƙi fita don wajen da suke a dis ɗin ya riga ya lalace, kamar guda ashirin da wani abu na rasa.

A nan ne maganar filash ɗina na bakin hanya ta taso. Na miƙa masa in ce zuba min a nan, ya juya shi ya kalle ni ya ce bari mu gwada tukunna. Ya sa shi a wata kwamfutar da wata ƴar manhaja H2testw, ita aikinta ta cika filash da bayanai taf sannan ta karanto ta ga ko abin da ta zuba yana nan. Wajen giga 8 ne kawai na gaskiya, sauran duk ƙarya ce aka rubuta a ƙwaƙwalwarsa, za ka ga kamar kayanka sun shiga, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da wayam. Da na zuba sunayen masu bashin Kawu a ciki fa? Araha ba ta ado, don Allah duk wanda zai yi wannan harkar ya sayi filash a shago mai ƙofa inda zai iya komawa, kuma a gwada a gabansa.

To bayan an ceto lissafi sai maganar gyara. Ya ce in sa SSD, wato sabon irin dis mara juyawa, a yi sabuwar Windows, ya faɗi kuɗi, ni kuma a lokacin duk abin da ke hannuna na hidimar sallah ne. Na ce injiniya wannan abin da ka kunna yanzu, ba zai yiwu in ci gaba da aiki da shi haka ba? Ya ce zai yiwu mana, in dai lissafi ne da rubutu da intanet. Ya cire mataccen dis ɗin gaba ɗaya ya sa min a leda, ya ɗauko sabon filash na 32GB mai shuɗin baki, wato USB 3.0, ya zuba min Puppy Linux a kai, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne a madadin Windows, nau'in da ake kira FossaPup64 9.5. Filash da aikin da ceto fayil duka N15,000 na ba shi, amma wannan farashin lokacin ne, kun san yadda kasuwa take.

Abin da ya sa na yaba wa yaron nan har nake tura masa mutane shi ne bai bar ni a duhu ba, ya zaunar da ni ya yi min bayani da misalin da zan gane. Ya ce had disk kamar sito ne, RAM kuma kamar teburin da ɗan kasuwa yake baza kaya a kai da safe. Windows kullum tana zirga-zirga tsakanin sito da tebur, in hanyar siton ta lalace shikenan kasuwa ta tsaya. Shi kuwa Puppy ɗan ƙarami ne, dukkansa bai fi mega 400 da ɗoriya ba, to da ka kunna sai ya kwaso kansa kaf daga filash ya baza a tebur, daga nan ba ruwansa da sito. Daga baya da na ƙara bincikawa da kaina na buɗe filash ɗin na ga abin da ido, fayiloli ne ƴan kaɗan. Akwai vmlinuz, shi ne zuciyar Linux ɗin, akwai initrd.gz, wani ɗan mitsitsin tsari ne da ake fara lodawa cikin RAM wanda aikinsa kawai ya nemo filash ya nemo sauran kayan, sai kuma manyan fayiloli masu ƙarewa da sfs, su ne ainihin kayan aikin a matse cikin wani tsari da ake kira squashfs, kamar buhun da aka danne aka ɗinke bakinsa, ana karantawa amma ba a iya rubutu a ciki. To tunda ba a rubutu a cikinsa, sai Linux ya yanki wani ɓangare na RAM ya mayar da shi kamar dis, wannan shi ne tmpfs, ya shimfiɗa shi a saman wancan buhun, duk abin da ka canza ko ka ajiye a wannan shimfiɗar ta sama yake sauka, na ƙasa yana nan yadda yake ko gezau. Kai da kake kallo gani za ka yi abu ɗaya ne.

Kuma ba sabuwar dabara ba ce. Tun shekarar 2000 wani Bajamushe Klaus Knopper ya fitar da Knoppix da ke tashi daga faifan CD, shi kuma Puppy wani mutumin Ostireliya ne Barry Kauler ya fara shi a 2003. Ko Ubuntu, wani babban nau'in Linux da ake sawa a filash, in ka ƙara kalmar toram wajen tashi zai kwashe kansa zuwa RAM, sai dai shi giga-giga ne, laftof mai giga 4 irin tawa ba za ta ji daɗi ba. SystemRescue da masu gyara suke amfani da shi copytoram yake ce wa nasa. Kai hatta filash ɗin da ake sa Windows da shi, wancan shuɗin allon farko da kake gani a RAM yake zaune, shi ya sa masu gyara ke ganin wani dis mai harafin X da ba su san daga inda ya fito ba.

Maganar sauri kuwa gani ya kori ji. Laftof ɗin da a da in na kunna sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama shiryawa ba, yanzu ƙasa da minti ɗaya ta tashi, kuma yawancin lokacin ma na kwashe kayan ne daga filash zuwa RAM. Bayan nan duk abin da na taɓa kafin in ɗauke yatsa ya buɗe. Dalilin a fili yake, tsohon had disk mai juyawa da ƙyar yake ba da mega ɗari a daƙiƙa, filash a ramin USB 2.0 wajen mega talatin, RAM kuwa ko irin tsohon nan DDR3 lissafinsa da giga ake yi a daƙiƙa. Ga shiru, ba ƙarar dis, zafin da take yi a cinya ma ya ragu. Fayil ɗin Excel ɗina Gnumeric, manhajar lissafin da ke cikin Puppy, ya buɗe shi ba gardama, duk jimillar da na ɗaura tana aiki, rubutun wasiƙa kuma akwai AbiWord, shi dai in takardar Word ce mai tebura da ado da yawa yakan hargitsa ta, sai da na koma aka ƙara min LibreOffice, shi ma fayil ɗin sfs ne guda ɗaya ake ajiyewa a filash a ce masa ya ɗauka.

Yanzu ga inda na sha wuya, kuma saboda wannan ne ma na fi son in yi rubutun. RAM allo ne, ba littafi ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san komai kyan rubutun da ka yi, ruwa ɗaya ne ya wanke shi, to ruwan RAM shi ne ɗaukewar wuta. Injiniya ya gaya min wannan, har ya maimaita, amma ban riƙe shi yadda ya kamata ba. Jerin da ke fitowa wajen tashi akwai zaɓin da ke loda komai a RAM zalla ba tare da ya taɓa ma'ajiyarka ba, pfix=ram suke ce masa, ni kuma na ga ya fi saurin tashi sai na riƙa zaɓarsa. Ana jibi sallah da daddare na zauna na shigar da cinikin yini guda cur, tirela biyu, sama da awa uku ina bugawa, ina danna ajiyewa a Gnumeric kuma yana nuna min ya ajiye a my-documents, hankalina kwance. Hadari ya taso wajen ƙarfe goma, iska ta kaɗa, ɗif aka ɗauke wuta, laftof ba batiri ta mutu a take. Da aka tayar da janareto na kunna, foldar nan fes kamar ba a taɓa sa komai a ciki ba, saboda ita kanta my-documents ɗin a cikin RAM take zaune a wannan yanayin. Ba abin da za a ceto, ba irin na had disk ba ne da injiniya zai lallaɓa ya ciro, babu shi kawai. Allah ya taimake ni takardun da yaran kara suke rubutowa da biro suna nan a leda ban zubar ba, na kwana ina sake shigarwa har aka kira assalatu.

Da na koma na ba shi labari bai ce ai na gaya maka ba, zama ya yi ya sake nuna min a hankali. In ka tashi ta hanyar da aka saba, Puppy yana da ma'ajiya a kan filash, fayil ko folda, kuma da yake ya san a filash yake ba ya rubutu a kai kowane lokaci don kar ya gajiyar da shi, yana tara canje-canjen a RAM ne sai duk bayan minti 30 ya juye, ko in ka zo kashewa, ko kuma in ka danna wani maɓallin ajiya da ke kan fuskar sikirin da hannunka. Kenan ko a hakan ma in wuta ta tafi za ka iya rasa aikin rabin awa. Shawarar da ya ba ni wadda nake kai har yau ita ce fayilolin lissafi kar in ajiye su a my-documents sam, in buɗe filash ɗin kansa in ajiye kai tsaye a can, ko ma a wani filash na biyu daban. Haka nake yi, kuma duk daren Juma'a ina tura kwafi ɗaya imel ɗina. Sannan da kuɗi suka samu bayan sallah abin da na fara saya batiri ne ba SSD ba, don a Legas ɗin nan in za ka yi aiki a cikin RAM to batiri ba ado ba ne, ko na minti ashirin ne ya ishe ka ka danna ajiya ka kashe cikin mutunci.

Wani abin kuma da mutane ke ruɗewa a kai, wai tunda komai yana RAM za ka iya zare filash ka sa a aljihu kwamfuta ta ci gaba. Eh gaskiya ne, na gwada, amma sai in a RAM zalla ka tashi. In da ma'ajiyarka ka tashi kar ka kuskura ka zare, tana manne da shi, za ka iya lalata ta. Haka kuma wurin ba shi da yawa, RAM ɗin da kake ajiya a ciki shi ne dai wanda burauza take ci, Linux in ba a ce masa komai ba rabin RAM yake sa wa tmpfs a matsayin iyaka. Ranar da ƙanena ya sauke wani dogon bidiyon wa'azi bai zaɓi filash ba, ƴar alamar da ke kusa da agogo mai nuna sauran wuri ta koma ja, komai ya fara tafiyar hawainiya har sai da muka goge. Da giga 4 shafi biyar shida a burauza lafiya lau, in ka wuce haka za ka ji a jikinka.

Intanet bai ba ni matsala ba, na fi haɗa wayata da kebul na USB in kunna raba data, nan take yake gani. Firinta ce ta ɗan wahalar da mu, sai da injiniya ya shiga wani shafi na CUPS, inda ake saita firinta a Linux, ya saita, tun daga nan dai rasit yana fita. Abin da ba zai yi maka ba kuwa kar ma ka sa rai, CorelDraw da Photoshop da irin manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa na Windows ba sa hawa, ɗiyar Kawu ta zo da nata muka yi ta fama bai yiwu ba. Mai shagon buga katin biki ko mai haɗa bidiyo wannan ba nasa ba ne. Kuma komai da Turanci yake, fuskar tasa ma irin ta da ce, wanda ya saba da Windows zai yi kwana biyu yana laluben inda abubuwa suke, misali danna sau ɗaya ake yi abu ya buɗe ba sau biyu ba, na yi ta buɗe taga bibbiyu a satin farko. Haushin karen nan da hotonsa kuwa na cire su tun ranar farko, sunan ma ai ɗan kwikwiyo yake nufi, ban ga dacewar ya riƙa tashi a rumfar Kawu cikin dattawa ba, kuma cirewar ba wuya.

Ta fuskar tsaro akwai daɗi akwai kuma abin lura. Daɗin shi ne bairos ɗin nan da ke bin filash a shagunan fotokwafi yana mayar da folda gajeriyar hanya ba ya kama shi, na Windows ne, har ma da shi nake buɗe filash ɗin mutane in goge musu shi in fito da kayansu da ya ɓoye. In kuma ka tashi a RAM zalla, ko me ya faru a zaman nan da ka kashe ya wanke, gobe sabo fil za ka samu, wato abin da ya cinye min aikin awa uku shi ne dai yake tsare ni a nan. Na taɓa zuwa Mile 12 wajen wani abokin Kawu mai albasa, na soka filash ɗina a kwamfutar shagonsa na yi aikina na zare, ban taɓa dis ɗinsa ba ban bar masa komai nawa ba. Abin luran kuma, Puppy a matsayin mai gida gaba ɗaya yake sa ka, root, ba ya tambayarka kalmar sirri kafin ka goge wani abu, in ka danna kan dis ɗin mutum ka share to ka share. Sannan shi wannan FossaPup ɗin tun 2020 ya fito, a kan Ubuntu 20.04 aka gina shi wadda tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a 2025, burauzar da ya zo da ita Pale Moon wasu shafukan ba ta buɗe su daidai, sai da aka sa min Firefox. Saboda haka harkar banki ni a waya nake yi, ban ɗora masa wannan nauyin ba.

Akwai wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar farko a shagon nan. Laftof ɗina tana da kalmar sirri ta Windows, amma yaron nan bai tambaye ni ita ba, ya soka filash ya buɗe foldata kamar ƙofar da ba sakata. Na tambaye shi ya ce ai yaya kalmar sirrin Windows ƙofar gaba kawai take tsarewa, in ba an kulle dis ɗin kansa da irin su BitLocker ba duk mai irin wannan filash ɗin zai karanta. To ku da kuke ajiye sirrin kasuwanci ko hotunan iyali a laftof ku san da wannan, kuma wanda ya koyi abin nan ya ji tsoron Allah, amanar mutane ce, ceto ake yi da shi ba leƙe ba. Shi ma filash ɗin nawa haka ne, in ya faɗi a danfo duk wanda ya tsinta zai ga lissafin Kawu, shi ya sa na sa aka yi min ma'ajiya mai kulle, Puppy yana ba da wannan zaɓin lokacin da kake ƙirƙirarta.

Wanda zai gwada a gida, maɓallin zaɓen tashi ya bambanta, HP yawanci F9 ne, Dell da Lenovo F12, kuma sababbin kwamfutoci sai an shiga saitin BIOS an kashe Secure Boot kafin su yarda. Rubuta shi a filash kuma akwai Rufus a Windows, akwai Ventoy wanda shi ne a filash ɗin aljihun injiniya, shi zuba fayilolin ISO, wato fayilolin tsarin da kake saukowa daga intanet, kawai kake yi kamar waƙa ka zaɓi wanda kake so, amma ya ce don aikin kullum mai ma'ajiya gara a yi wa Puppy filash nasa shi kaɗai. Kuma kyauta ne, ba lasisi ba kirak, datar saukewa ce kawai kuɗinsa.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 da sabon firosesa, irin laftof ɗinmu na tokumbo da suka cika Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da yawansu ba za su hau ba, kuma lafiyarsu ƙalau, shi ya sa nake ganin ya kamata yaranmu masu gyara su iya wannan sosai ba sa Windows kaɗai ba. Ni dai in maki ne zan ba wa shagon injiniya cikakke, ya gwada min filash bai ɓoye min gaskiya ba, ya fara ceto abin da ya fi muhimmanci, kuma sau uku ina komawa da tambaya bai karɓi ko sisi ba, matsalarsa ɗaya wurin zama, in mutum biyu suka riga ka to a matakala za ka jira. Shi kuma Puppy zan ba shi huɗu cikin biyar ga mai lissafi da rubutu irina wanda yake da batiri, mara batiri kuwa ya fara sayen batirin.

Yanzu filash biyu gare ni iri ɗaya, ɗaya a jikin makullina ɗaya a durowar Kawu, duk ƙarshen wata nake daidaita su. Mataccen dis ɗin yana nan a ledarsa ban yar ba saboda hotunan nan ashirin, injiniya ya ce akwai masu na'urar da za su iya gwadawa amma da tsada. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma Ikeja a ƙara min RAM ya zama giga 8, kuma ya ce zai sa min BookwormPup64 wanda aka gina a kan Debian 12 a wani filash ɗin daban in gwada sati biyu kafin in taɓa wanda nake aiki da shi.